Lambar yabo a kan takin da aka ciro daga ruwan bahaya: da me ake gane wanda ya cancanta?

Wani malamin gona ne ya aiko da tambayar. Ya ce: "Na ji wai a Amurka har lambar yabo ake ba hukumomin da ke mai da lakar ruwan bahaya taki. Da gaske ne? In da gaske ne, da me suke gane wanda ya iya da wanda bai iya ba, tunda abin duk ƙazanta ce? Manoman da nake aiki da su suna sayen abin da motocin yashe masai suka kwaso, ina so in san abin da zan gaya musu."

Malam, da gaske ne. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wadda aka fi sani da EPA, ta fara ba da wannan lambar yabo a 1988, ta kuma shafe shekaru da yawa tana bayarwa a babban taron shekara-shekara na ƙwararrun ruwa na ƙasar. Har yau akwai irinta a hannun ƙungiyoyin masu sana'ar. Na daɗe a aikin tace ruwan ƙazanta, kuma ina cikin masu ganin karramawar ta dace, domin aiki ne da ba a tuna masu yinsa sai ranar da ya ɓaci. Sai dai ina da ƙorafi a kan ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi, kuma ƙorafin ya shafi manomanka kai tsaye. Shi ya sa zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri da ni.

A garin da ke da bututun ƙarƙashin ƙasa, duk abin da ya fito daga bayan gida da wurin wanka da kicin da asibiti da masana'anta yana haɗuwa a hanya ɗaya ya gangara matata. A can ana tsayar da ruwan a manyan tankuna, guggubin ya kwanta ƙasa. Sannan a riƙa hura wa ruwan iska domin ƙananan halittu su cinye sauran dauɗar da ta narke a ciki. Su ma in sun ci sun hayayyafa, sai su kwanta su zama laka. Ruwa ya fita garau ya koma kogi, a bar matata da lakar. Kuma iya tsabtar ruwan da ka fitar, iya yawan lakar da za ta rage a hannunka. Abin da ya sami Amurka ke nan bayan dokar tsabtace ruwa ta 1972: matatu suka yawaita, koguna suka fara farfaɗowa, laka kuwa ta taru aka rasa inda za a kai ta. Biranen bakin teku, musamman Niyok, suka riƙa loda ta a jiragen ruwa suna kai ta cikin tekun Atlantika suna zubarwa. A 1988 majalisar ƙasar ta haramta hakan, Niyok kuma ta yi zubinta na ƙarshe a 1992. Shekarar da aka haramta zubawa a teku, wato 1988, ita ce shekarar da aka fara ba da lambar yabon. Hanyoyi uku suka rage: a binne a juji, a ƙona, ko a kai gona. Hukuma ta fi son ta ukun, kuma yau kusan rabin lakar da matatun Amurka ke fitarwa a ƙasar noma da makamantanta take ƙarewa.

Har suna aka sake mata. A 1991 ƙungiyar masu sana'ar ta zaɓi kalmar "bayosolid" ga lakar da aka sarrafa har ta kai matsayin taki, domin a bambanta ta da ɗanyar laka. Masu suka sun ce kwalliya ce kawai aka yi wa kashi. Ni ina ganin bambancin yana da tushe, muddin sarrafawar ta gaskiya ce. In ba ta gaskiya ba ce, maganar masu sukan ce daidai.

Lambar ta EPA, a shekarun da take bayarwa, ba guda ɗaya ba ce. Akwai ta matatun da ke gudanar da aikin yau da kullum, an raba manya da ƙanana, iyakar ita ce tan 5 na busasshiyar laka a rana. Akwai ta ƙirƙiro sabuwar dabara, akwai ta bincike, sannan akwai wadda ta fi ba mutane mamaki, wato ta samun yardar jama'a. Wannan ta ƙarshen ba wasa ba ce. Ayyuka masu kyau da yawa wari ne ya kashe su, ba guba ba. Maƙwabcin gona in ya kwana uku bai iya buɗe tagarsa ba, ba ruwansa da takardar ɗakin gwaje-gwaje, majalisar ƙaramar hukuma zai nufa a hana. Kuma kafin a duba takardun mai nema, sai an tabbatar ba shi da laifin karya dokar muhalli a kansa. A 1997 aka kafa wata haɗaka tsakanin EPA da manyan ƙungiyoyin masu matatu, ta kawo tsarin da mai bincike daga waje ke zuwa ya bi aikin tun daga bakin bututu har gona kafin a ba da shaida. Daga 2016 kuma ƙungiyoyin suka fara wata karramawar ga abin da suke kira matatar gobe, amfani da laka yana cikin fannonin da ake dubawa.

To da me ake aunawa? Tushen komai ita ce dokar da EPA ta fitar a Fabrairun 1993, wadda masu sana'a ke kira Sashe na 503. Abu na farko a cikinta ƙwayoyin cuta ne, kuma a nan aka raba takin gida biyu. Ajin A shi ne wanda aka kashe ƙwayoyin cikinsa har ba a iya gano su: ƙwayoyin hanji da ake kira kolifom su gaza 1,000 a kowane giram na busasshen taki, ko salmonela ta gaza 3 a giram 4. Irin wannan ana zuba shi a buhu a sayar wa mai lambun bayan gida. Ajin B an rage cutar ne ba a kashe ta duka ba, iyakarsa kolifom miliyan 2 a giram. Lambar za ta ba ka tsoro, amma dokar ba ta sake shi haka ba, sai ta ɗaure shi da lokaci, ta bar rana da iska da ƙasa su ƙarasa aikin. Dabba ba ta kiwo a filin sai bayan kwana 30. Amfanin da ke kwanciya a kan ƙasa, kamar kankana da kabewa, ba a girbe shi sai bayan wata 14. Wanda ke cikin ƙasa, kamar karas da albasa da dankali, sai bayan wata 20 in takin ya yi wata huɗu a fili kafin a juya shi cikin ƙasa. In an juya shi da wuri kuwa, sai bayan wata 38.

Ina so ka tsaya a kan wannan wata 38 ɗin, shekara uku da wata biyu ke nan. Ba don kwalara ko taifot aka sa shi ba, waɗannan ƙwayoyin ba sa daɗewa haka a ƙasa. Don ƙwan tsutsar ciki ne, musamman irin da ake kira askaris. Ɓawonsa kauri gare shi, yana jure sanyi da gishiri da magunguna da yawa, kuma in ya sami ƙasa mai laima da inuwa yana iya yin shekaru yana jiran bakin yaro. Zafi ne maganinsa, sai bushewa mai tsanani. Shi ya sa duk hanyoyin kaiwa Ajin A kusan maganar zafi da lokaci ce. In ruɓar da lakar za a yi a haɗe da ciyawa ko ɗiɗɗigar katako, tsibin da ake hura wa iska dole ya riƙe zafin digiri 55 na ma'aunin Salshiyas kwana 3 a jere. In dogayen kunya-kunya ne a fili, kwana 15, kuma a juya su sau 5 a cikin kwanakin. In busarwa ce da wuta, zafin ya wuce digiri 80, laimar ta sauka zuwa kashi 10 cikin ɗari.

Juyawar nan sau biyar tana da dalili, kuma na ga abin da rashinta ke haifarwa. Na taɓa zuwa duba wani wurin haɗa taki, littafinsu cike da lambobi masu kyau, kullum sama da 55. Da na nemi a nuna mini inda ake soka ma'aunin, sai aka kai ni tsakiyar tsibi, rami ɗaya da ake komawa kullum. Na soka nawa a gefe, kamu ɗaya daga waje, zafin bai ko kai na jikin mutum ba. Ba ƙarya suke rubutawa ba, tsakiyar tana da zafin. Amma kusan sulusin tsibin bai taɓa dahuwa ba, kuma da shi ake cika buhu. Tun ranar, in aka nuna mini takardar sakamako, tambayata ta farko ita ce: daga ina aka ɗebi abin da aka gwada, kuma wa ya ɗeba?

Abu na biyu shi ne kada takin ya ja ƙuda da ɓera. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne a rage abin da ke iya ruɓewa a cikin lakar da kashi 38 cikin ɗari, ko a tura ta ƙarƙashin ƙasa nan take. Na uku ƙarafa masu guba. Dokar ta sa iyaka a kan guda tara: asinik, kadmiyam, tagulla, dalma, zaiba, molibdinam, nikel, seleniyam da tutiya. Ga takin da ake so ya shiga sahun gaba, dalma kada ta wuce miligiram 300 a kilo, kadmiyam 39, zaiba 17. Ƙarfe ba kamar ƙwayar cuta ba ne, ba ya mutuwa. Zafi ba ya taɓa shi, shekaru ba sa rage shi, abin da ka zuba bana yana nan yana jiran na baɗi ya hau kansa. Mutanen Zamfara sun ga abin da gubar dalma ke yi wa yara a 2010, ko da yake tasu daga haƙar zinariya ta fito. Takin da ya cika ukun nan, Ajin A da rashin jan ƙuda da ƙarancin ƙarfe, shi ake kira mai inganci na musamman.

Akwai na huɗu da kai malamin gona za ka fi kowa ganewa, wato kada a zuba fiye da abin da shuka za ta ci. Takin laka ba kamfa ba ne da aka auna sinadaransa daidai da bukatar masara. Yana da naitirojin, amma yawancinsa a ɗaure yake, a hankali yake saki, wani bana wani baɗi. Yana da fosfaras da yawa. Fotash kuwa kusan babu, domin yana narkewa ya bi ruwa tun a matata. To in ka auna takin da bukatar naitirojin shekara bayan shekara, fosfaras zai taru a gonar fiye da ƙima, ruwan sama ya wanke shi zuwa tafki, gansakuka ta rufe ruwan, kifi ya mutu. Shi ya sa dokar ta hana zubawa a ƙasa da mita 10 daga bakin ruwa, jihohi da yawa kuma sun ƙara nasu sharuɗɗan. Mai aikin kirki yana gwada ƙasar gonar kafin ya aika mota, yana kuma iya ce wa manomi bana gonarka ta ƙoshi, sai wata shekara.

Misalin da kowa ke fara kawowa shi ne birnin Milwaukee. Tun 1926 suke busar da lakar matatarsu da wuta suna sayarwa a buhu da sunan Milorganite, kashi 6 naitirojin, 4 fosfaras, fotash babu. Kusan shekara ɗari ke nan ana zuba shi a filayen wasa da lambuna a faɗin Amurka. Amma ko su ba su tsira ba. A 2007 wani tsohon sinadari mai guba da ake kira PCB, wanda ya daɗe maƙale a cikin bututun gari, ya taso lokacin da ake yashe bututun ya shiga lakar. Sai da aka rufe filayen da aka zuba takin, aka kwashe tan-tan aka binne. Injinan busarwa ba su yi laifin komai ba, ta bakin bututu matsalar ta shigo.

Na zamani kuma shi ne matatar Blue Plains da ke birnin Washinton. A da farar ƙasa mai zafi suke cakuɗa wa lakar su fitar da Ajin B, motoci da yawa kullum suna jigila zuwa gonakin jihohin maƙwabta. Daga 2015 suka koma wata dabara ta kamfanin Cambi na ƙasar Norwe: a dafa lakar da tururi a rufaffiyar tukunya a zafin kusan digiri 165, a sake ta farat ɗaya ƙwayoyin su farfashe, sannan a tura ta manyan tankuna marasa iska ta ruɓe. Iskar gas da ke fitowa tana ba su wutar lantarki kusan megawat 10, yawan lakar da ake fitarwa ya ragu da kusan rabi, abin da ya rage kuma Ajin A ne da suke sayarwa da sunan Bloom. A wajen injiniya wannan aiki ne mai ƙayatarwa, kuma ba na jin kunyar cewa ya burge ni.

Yanzu ga ƙorafin nawa. A 2016 aka gano wasu sinadarai da ake kira PFAS a ruwa da madarar wata gonar shanu a jihar Maine. Sinadarai ne da ake sa wa takarda da tufafi da tukwane don kada ruwa ko mai ya kama su, ana kuma sa su a kumfar kashe gobara. An gina su ne don kada su lalace, kuma ba sa lalacewa, ba a tukunyar tururi ba, ba a cikin ƙasa ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar gonar ta yi shekaru tana karɓar laka, har da ta masana'antar takarda, tun shekarun 1980, da izinin hukuma. Aka faɗaɗa bincike aka samu gonaki da rijiyoyi da dama a halin nan. Akwai iyalan da suka daina sayar da madara da kayan lambu, akwai waɗanda aka gwada jininsu aka samu sinadarin da yawa. A 2022 Maine ta zama jiha ta farko da ta haramta zuba laka a gona gaba ɗaya, ta kuma ware dala miliyan 60 don tallafa wa manoman da abin ya shafa.

Abin da ke ci mini rai shi ne waɗannan manoman ba su yi ganganci ba. An ce musu taki ne mai kyau, kyauta ne, hukuma ta amince, suna ma taimakon garinsu. Lakar da ke ɗauke da PFAS tana iya cin kowace jarrabawa ta Sashe na 503, domin ba a tambayi PFAS a jarrabawar ba. Ofishin babban mai binciken EPA da kansa ya faɗa a rahotonsa na Nuwamban 2018 cewa akwai sinadarai 352 da aka gano a cikin laka waɗanda hukumar ba ta da isassun bayanan auna haɗarinsu. A Janairun 2025 EPA ta fitar da daftarin nazari da ke nuna cewa biyu daga cikin sinadaran PFAS suna iya zama haɗari ga iyalin da ke ci da sha daga gonar da aka daɗe ana zuba wa laka, ko da yawansu bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan ba. Daftari ne, ba doka ba, amma ya isa ya nuna cewa "mun cika ƙa'ida" da "ba mu cutar da kowa ba" ba magana ɗaya ba ce.

Saboda haka in ni aka ba alƙalancin, ba wanda ya fi yawan tan ko ya fi tsadar inji zan fara dubawa ba. Zan fara da wanda ya san abin da ke shiga bututunsa. Jihar Michigan ta nuna yadda ake yi. Daga 2018 ta umarci matatunta su bi bututu gida-gida na masana'antu su nemo inda PFAS ke fitowa. Da yawa aka same shi a wurin masu shafa wa ƙarfe kiromiyam. Aka tilasta musu tace ruwansu kafin su sake shi, a wasu matatun yawan sinadarin ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari. A 2021 jihar ta sa iyaka, lakar da sinadarin cikinta ya kai kashi 150 cikin biliyan ba za ta je gona ba, daga baya aka sauko da iyakar zuwa 100. Wannan aiki ba shi da ƙyalli, ba ginin da za a yanke wa kintinkiri, sai ma'aikaci da kwalbar ɗiban ruwa da gardama da masu masana'anta. A wurina shi ne zuciyar sana'ar. Bayansa sai wanda ke gwada abin da doka ba ta tilasta masa ba, ya kuma buga sakamakon kowa ya gani ko da bai yi masa daɗi ba. Sai wanda ya ajiye tarihin kowace gona, me aka zuba, yaushe, nawa, ya wuce shekara biyar da doka ta nema, domin a Maine tsofaffin takardun izini ne suka nuna inda za a je a gwada rijiyoyi. Sannan wanda ya taɓa tsayar da motocinsa da kansa, ya yi asarar kuɗin binnewa, don wani sakamako bai kwanta masa ba.

Ba na cikin masu cewa a daina kai laka gona ko'ina. Binnewa tana da nata illar, ruwan juji yana komawa matata da gubarsa. Ƙonawa tana cin kuɗi da makamashi. Ga kuma fosfaras, wanda dutse ne ake haƙowa, mafi yawan abin da ya rage a duniya yana hannun Maroko, ba kuma abin da zai maye gurbinsa a jikin shuka. Zubar da shi asara ce. Turai ma kanta ba ta yi baki ɗaya ba. Ingila har yanzu mafi yawan lakarta gona take zuwa. Suwizalan ta hana tun 2006, ƙonawa take yi. Jamus ta yi doka a 2017 cewa manyan matatu daga 2029 dole su ciro fosfaras daga lakar ko daga tokarta, matsakaita kuma daga 2032. Wato a ɗauki alherin a bar gubar. Ina tsammanin masu cin lambobin yabo na gaba daga wannan ɓangaren za su fito.

Mu dawo kan manomanka. Abin da motar yashe masai ke kawowa ba bayosolid ba ne, ɗanye ne, ko Ajin B bai kai ba. Amma ta wata fuskar ya fi lakar manyan birane sauƙin sha'ani. Masan gida bai haɗu da ruwan masana'anta ba, don haka babban abin tsoronsa cuta ce, cuta kuwa ana iya kashe ta. Ba kuma baƙon abu ba ne a wajenmu. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗauko takin birni a mangala, a kewayen Tamale ta arewacin Gana ma manoma kan nemi direbobin tanka su juye musu a gona da rani. A kusa da birnin Tema na kudancin Gana an buɗe wata masana'anta a 2017 da ke busar da kayan masai, ta ruɓar da shi tare da sharar kasuwa, ta mulmula shi ƙwaya-ƙwaya ana sayarwa da sunan Fortifer, bisa binciken cibiyar kula da ruwa ta duniya, IWMI. Ta fuskar addini ma, a mazhabar Malikiyya amfanin gonar da ya tsiro a kan najasa mai tsarki ne. Batun cinikin najasar kanta ne malamai suka yi saɓani a kai.

Inda nake so ka yi taka-tsantsan shi ne kada wani ya ɗauko jerin ƙarafan nan tara na Amurka ya ce shi ke nan. Kiromiyam yana cikin dokar 1993 da farko, masu masana'antar fata suka kai ƙara, kotu ta ba su gaskiya, aka cire shi a 1995. A garin da ke da majemu irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, ko wanda ruwan Bompai ke bi ta Getsi ya haɗu da Jakara, kiromiyam ne abu na farko da za a gwada. Duk lakar da aka yaso daga kwata ko rafin da masana'anta ke zuba wa ruwa, ka ce musu kada su karɓa ko kyauta ne, komai baƙinta da kyan ganinta. Haka wadda aka kwaso daga asibiti ko garejin gyaran mota da batir. Su tambayi direba daga ina ya ɗebo, su kuma tsaya ga direban da suka sani.

Wanda ya fito daga masan gidaje kuwa, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 shi ne kada a samu ƙwan tsutsa ko ɗaya a giram na busasshen taki. Manomi ba shi da madubin likita, amma yana da rana da lokaci. A yanayi mai zafi irin namu, hukumar ta ce a ajiye shi fiye da shekara guda ba tare da an ƙara sabo a kai ba. Su juye shi a rami marar zurfi ko shimfiɗa a wuri mai tudu, nesa da rijiya da hanyar ruwa, tun farkon rani. In ya sha iska su cakuɗa shi da kara da ciyawa da toka, su tsiba, su riƙa juyawa har na gefe ya shiga tsakiya ya sha zafi. Tsibin bana na baɗi ne, kada gaggawar damina ta sa a taɓa shi. Mai aikin ya sa takalmin roba da safar hannu, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, a hana yara da awaki zuwa wurin. In lokacin zubawa ya yi, a kai shi gonar dawa da gero da masara da auduga, ko gindin itatuwa, a juya shi cikin ƙasa kafin shuka. Latas da kabeji da karas da tumatir da duk abin da ake ci ɗanye, a nema musu wani takin. Ka kuma sa kowane manomi ya riƙe ɗan littafi, ko kai ka riƙe musu: wace gona, wane wata, mota nawa, daga wace unguwa.